Hanyar Damazin Da Ciwon Kwamfuresa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Sinnar zuwa Damazin a watan Afirilu ya san abin da ake nufi da bazara. Da ka bar Sinnar kaɗan sai Mai Wurno, garin da ya ci sunan Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya yada zango nan da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903. Daga nan sai Sinja, sai Abu Hujar, sai Wad Nayyal. Kogin Nilul Azrak yana hagunka, amma ba ka cika ganinsa ba. Abin da ke gabanka baƙar ƙasa ce da ta daddage, da kara, da ƙaya, ga zafi ya haura digiri 40 tun kafin azahar. In akwai tsohuwa ko jariri ko majinyaci a motar, mukayyif ya wuce zancen jin daɗi, ya zama magani.

Damazin kuwa ba tsohon gari ba ne. Dam ɗin Rusairis ne ya raya shi, wanda aka gama a 1966, aka kuma ƙara masa tsawon mita 10 a 2013. Mutanenmu suna nan, masunta da 'yan lambu da 'yan kasuwa da direbobi. Motocin da ke ɗawainiya da su galibi sun sha jiki: bokis ƙirar Hilux, da Hiace, da Land Cruiser, da ƙananan motocin Koriya irin su Atos da Accent. Bayan yaƙin da ya ɓarke a Afirilun 2023 ya tsai da kasuwannin isbir na Hartum, sannan hanya ta yanke ta wajen Sinja a 2024, kowa ya gane cewa abin da bakaniken mantiƙa zai iya gyarawa da hannunsa ya fi abin da sai an aiko daga nesa.

To, mai karatu, zuciyar mukayyif ita ce kwamfuresa, watau famfon da ke matsa gas yana kewaya da shi. Kuma ba iri ɗaya ba ne. Na dā can, irin York, kamar ƙaramin inji yake da fistin biyu, ga nauyi ga jijjiga, yanzu da wuya ka gan shi. Wanda ya fi yawa a tsofaffin motocinmu shi ne mai karkataccen faifai, wanda in ya juya yake tura fistin gaba da baya. Cikinsa akwai Denso 10PA da ake samu a Toyota, da Sanden 508 mai fistin 5, da ƙanensa SD7H15 mai 7. Waɗannan suna da kuloci na maganaɗisu a goshi: in ka kunna ka ji "ƙas", ya kama ke nan, in sanyi ya isa ya saki. Akwai kuma mai dodon-koɗi, ba shi da ƙara, ba ya jan inji sosai, amma ba ya haƙuri da datti. Sai na motocin baya-bayan nan, wanda ke rage ƙarfinsa ko ya ƙara da kansa ta hanyar bawul. Wasunsu ma ba su da kuloci, muddin inji na juyawa suna juyawa.

A ganina, ga hanya irin tamu, mai faifai da kuloci ya fi. Ba wai ya fi wayo ba ne, a'a, ciwonsa ne a bayyane yake. Sau da yawa abin da ake cewa kwamfuresa ya mutu, boris ne ya ci, ko kwayil ɗin kuloci ya ƙone, kuma duka ana canza su ba tare da an taɓa cikinsa ba. Bugu da ƙari, a tsohuwar Hilux bel ɗin kwamfuresa daban yake. In ya cije maka tsakanin Wad Nayyal da Damazin, sai ka cire bel ɗin, ka sauke gilashi, ka ci gaba da tafiya. Motar da bel ɗaya ke juya kome da kome kuwa, in ya tsinke dinamo ya tsaya, a wasu har da famfon ruwa. Kwanan daji ya kama ka.

Amma da wuya kwamfuresa ya mutu haka kawai, kashe shi ake yi. Abin da direbobi da yawa ba su sani ba shi ne, man da ke jiƙa shi tare da gas yake yawo. In tiyo ya tsage gas ya ragu, mai ba ya komowa, sai fistin ya ci gaba da gurza a bushe. Na biyu kwandensa, wannan da ke gaban lagireto. Da damina lakar Damazin ta manne masa, da kaka ƙaiƙayin dawa da ƙwari su toshe shi, da bazara ƙura ta ƙarasa. Zafi ba ya fita, matsi ya hau, kwamfuresa ya yi ta wahala. Wankin minti goma da ruwa marar ƙarfi ya isa, amma wa ke yi?

Sai maganar gas. Motocin da aka ƙera kafin wajen 1994 da R12 suka zo, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina yinsa, a ƙasashe irin namu wa'adin ya cika a 2010. Magajinsa R134a ba ya tafiya da man R12, nasa man daban ne, ana ce masa PAG. Wanda ya ɗura sabon gas a kan tsohon mai, kwamfuresansa ya soma ƙirga kwana. Gas ɗin mukayyif na ɗaki, R22, matsinsa ya fi ƙarfin na mota. Gas ɗin girki kuwa yana yin sanyi, ba ƙarya, amma in ya yoyo cikin mota wani ya ƙyasta ashana, sai dai Allah ya kiyaye.

In dai ya cije, sai canji. Zaɓi uku ne: sabo na asali mai tsada, ko na hannu da ake kawowa daga Sharja, irin wanda 'yan'uwanmu a Ƙofar Ruwa ta Kano ke kira ɗan Beljiyam, ko kwaikwayo mai araha da ke ɗauke da suna irin na asali. Na hannu mai kyau ya fi kwaikwayo. Ka juya shi da hannu ka ji ba ya sarƙewa, ka tsiyaye mansa a farin tsumma. In ka ga baƙi ko ƙyalƙyalin ƙarfe, ajiye musu kayansu.

Kuma kada a ɗaura shi a kan ƙazanta. Wanda ya mutu ya watsa garin ƙarfe cikin bututu duka, sai an wanke su, an canza matatar da ke tsotse danshi, an duba bawul. Kwandensa mai ƙananan ƙofofi ba ya wankuwa, canza shi ake yi. Sannan a zuƙe iska da famfo kamar rabin awa, a auna gas bisa abin da aka rubuta a ƙarƙashin bonet, ba da ido ba. Bakaniken da ya ce zai gama maka duk wannan kafin ka shanye shayinka, ka tambaye shi ina famfon zuƙar iskarsa yake.