Ruwan Da Muke Zuba Wa Lagireto

Mu da muka taso a garuruwan da kwalta ba ta kai ba, mun san darajar mota fiye da 'yan birni. A wurinmu Hilux ko tsohuwar Land Cruiser ita ce motar kasuwa, ita ke kwaso buhunan gero daga gona, ita ce kuma motar asibiti idan haihuwa ta zo da gardama cikin dare. Ranar da ta tsaya a daji tana feso tururi, ba mai ita kaɗai abin ya shafa ba. Yanzu da muke karatun injiniya a jami'a, mun gane cewa sau da yawa wannan tsayuwar tana farawa ne daga abin da aka zuba a lagireto.

Motar daji ta fi ta kwalta saurin ɗaukar zafi. A kan kwalta mota tana gudu, iska tana ratsa lagireto tana kwashe zafin. A cikin yashi ko laka kuwa, direba yana ƙaramar giya, inji yana ruri, mota tana tafiyar hawainiya, sai fanka kaɗai ke ba da iska. Ga ƙura da ciyawa suna toshe ƙofofin lagireton. Direbobin da ke ratsa hamadar Tenere daga Agadez zuwa Dirkou suna fama da wannan a bazara, lokacin da zafi kan wuce digiri 45. Masu hawa tsaunin Mambila zuwa Gembu da tsofaffin Land Rover su ma da tasu matsalar: a tsawon kusan mita 1,600 ruwa yana tafasa tun a wajen digiri 95, ba ya jiran 100.

Ƙannenmu da ke ajin kimiyya, a nan darasin fiziks ɗinku yake aiki. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da inji ke ƙonawa yana zama zafin da dole ruwa ya ɗauke shi zuwa lagireto. Kun haddace cewa kilo ɗaya na ruwa yana shan jul 4,200 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya. Shi ya sa ruwa ya yi fice wajen kwasar zafi. Amma ruwa zalla yana da aibi uku. Yana saurin tafasa, kuma tururi ba ya sanyaya ƙarfe. Yana kawo tsatsa. Idan kuma na rijiya ne ko na rafi, yana barin farin ɓawo irin wanda kuke gani a cikin butar mai shayi. Wannan ɓawon ne ke toshe siraran hanyoyin lagireto sannu a hankali, har wata rana gasket ya ƙone.

Maganin haka shi ne ruwan sanyaya inji mai launi, wanda kanikawa ke kira kulan. Yawancinsa sinadarin etilin gilaikol ne da aka haɗa da magungunan hana tsatsa. Mun sha jin ana cewa wannan na ƙasashen ƙanƙara ne, mu nan me ya haɗa mu da daskarewar ruwa? Gaskiya ne yana hana daskarewa, amma yana kuma ɗaga matakin tafasa. Idan aka haɗa shi rabi da rabi da ruwa, sai ya kai wajen digiri 107 kafin ya tafasa. Idan murfin lagireto yana riƙe matsi yadda ya kamata, sai ya haura 120. Wannan tazarar ce ke raba motar da ta fita daga yashi da wadda ta kwana a ciki.

Sai dai gishiri na gyara miya, amma ba a miya da gishiri zalla. Gilaikol shi kaɗai bai kai ruwa iya ɗaukar zafi ba, abin da yake ɗauka ya ɗan wuce rabin na ruwa ne kawai. Wanda ya cika lagireto da shi ba sirki, ya kashe kuɗi ya kuma ƙara wa injinsa zafi. Don haka a karanta jikin galan: akwai wanda aka riga aka sirka, akwai mai kauri da ke buƙatar ruwa. Ruwan sirkin ya zama tatacce, irin wanda ake ƙara wa batir, ba asid ɗin batir ba.

Kada kuma launi ya ruɗe mu. Kore, ja, ruwan hoda, duk rini ne da kamfani ya zuba, kuma galan biyu masu launi ɗaya na iya bambanta a sinadari. Littafin motar shi ke faɗin irin wanda ya dace da ita. Haɗa iri biyu mabambanta na iya raunana maganin tsatsar, wani lokaci har ya yi kauri kamar kunu. Idan ruwa ya ƙare a daji, a zuba mafi tsabta da aka samu don a fita, amma da an isa gari a zubar a sake sabo.

Abu biyu kuma na rai ne. Kada a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi, domin ruwan kan yi tsalle ya saɓule fatar fuska da hannu. Sannan kulan yana da zaƙi a baki, alhali guba ne mai lalata ƙoda. Kada a juye shi a gorar lemo, kada a zubar da tsohonsa inda yara ko awaki za su kai.

Da yawa daga iyayenmu da kawunnanmu direbobi sun fi mu sanin hanya da kukan inji, amma rubutun jikin galan da Turanci yake. Ku ne masu karanta musu shi. Ranar da Baba ko Kawu zai sayi kulan, ku bi shi shagon, ku duba ko an sirka ko ba a sirka ba, ku gwada da abin da littafin motar ya ce, kafin a biya kuɗi.