Haraji Da Lafiya: Wa Ya Ci Ladan Kuturu?

Masu iya magana kan ce, "lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke." Amma a Nijeriya, duk wanda lafiya ta yi fushi da shi, aljihunsa ne ke shan wahala. Wannan ne ya sa na ga ya dace in tofa albarkacin bakina a wannan mujalla tamu game da muhawarar haraji da aka sha fama da ita a ƙasar nan.

Ni ba Bahaushiya ba ce, a aji na koyi Hausa. A nan ne na san cewa kalmar "haraji" daga Larabci aka aro ta, kuma akwai "jangali" wanda makiyaya kan biya a kan shanunsu. Da na bi tarihi sai na tarar rigimar haraji ba ta san Kudu ko Arewa ba. A 1929 matan Aba sun yi bore saboda tsoron za a ɗora musu haraji. A Abeokuta ma, mata a ƙarƙashin jagorancin Funmilayo Ransome-Kuti sun matsa lamba har Alake ya sauka daga gadon sarauta a 1949. A Kano kuwa, Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali bayan ya hau mulki a 1979. Koken duka ɗaya ne: ana karɓa a hannun talaka, amma bai ga abin da aka yi masa ba.

A watan Oktoba na 2024 Shugaba Tinubu ya aika wa Majalisar Tarayya ƙudurori huɗu na gyaran haraji. Nan take ƙura ta tashi. Gwamnonin Arewa sun taru a Kaduna suka ce ba su yarda da sabon tsarin rabon harajin kayayyaki, wato VAT, ba, domin suna ganin zai fifita jihohi irin su Legas. Masu goyon baya kuwa suka ce adalci shi ne kowace jiha ta amfana da abin da aka tara a cikinta. Bayan ja-in-ja, aka sa hannu a dokokin a watan Yuni na 2025. An bar VAT a kashi 7.5 cikin ɗari, an ƙara kason jihohi zuwa kashi 55, kuma an yafe harajin kuɗin shiga ga wanda samunsa bai wuce naira 800,000 a shekara ba.

Ya kai mai karatu, abin da ya dame ni shi ne yadda muhawarar ta fi karkata ga rabon kuɗin. Batun abin da za a yi da su kuwa, ba a cika jin sa ba. Mahaifiyata 'yar kasuwa ce. Kullum sai ta yanki tikiti kafin ta baje kayanta, ko ta yi ciniki ko ba ta yi ba. Amma da ciwo ya kwantar da ita a wani asibitin gwamnati, mu muka sayi komai, tun daga ƙarin ruwa har safar hannun da ma'aikata za su sa. Jarinta ne ya tafi. Ba ita kaɗai ba ce, domin fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye.

Ba rashin alƙawari ko doka ne matsalarmu ba. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alƙawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi. Mu da muka karɓi baƙuncin taron, kasafin lafiya na tarayya galibi tsakanin kashi 4 da 6 yake yawo. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, amma sai a kasafin 2018 aka fara saka kuɗin. A 2022 aka yi dokar da ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, amma har yau akasarin 'yan kasuwa da manoma da ɗalibai ba su shiga ba.

Ni dai ban ƙi haraji ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma babu asibitin da zai tsaya ba tare da kuɗi ba. Sai dai kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Tunda kason jihohi ya ƙaru, ya kamata kowane gwamna ya fito ya faɗi nawa ya kashe a kan ƙananan asibitoci da magani da albashin ma'aikatan jinya.

A ƙarshe, ina kira ga 'yan'uwana ɗaliban Hausa. Kasafin kuɗi da Turanci ake rubuta shi, alhali miliyoyin masu biyan haraji da Hausa suke sauraron rediyo. Mu ne za mu fassara musu shi, domin wanda ya san abin da aka ware wa asibitin garinsu, shi ne zai iya tambayar ina aka kai shi. Allah ya ba mu lafiya da shugabanni masu adalci, amin.