Mai gadin Bobiel da barcin da ya ƙi zuwa

Ƴan uwa manoma da makiyaya, ga labarin wani ɗan ci-rani, mutumin ƙasar Dogon Dutsi. Damanar 2023 ba ta yi masa kyau ba. Geron da ya samu bai kai rabin rumbu ba, ga bashin buhu uku da ya ci tun kafin girbi. Da kaka ta wuce sai ya shiga mota zuwa Yamai, ya sauka Bobiel, wata unguwa ta arewacin birnin, inda kawunsa ya daɗe yana zaune.

A Bobiel akwai gidaje da yawa da ba a ƙare gininsu ba. Masu su suna neman wanda zai kwana ciki ya tsare siminti da ƙarafa. Ya samu gadin ɗaya. Amma kuɗin gadi ba su isa. Lokacin an rufe iyakoki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, abinci ya yi tsada. Sai ya ƙara da tura kurar ruwa da rana, yana bi gida gida da bido. Dare gadi, rana ga-ruwa. Barcinsa bai wuce awa uku ko huɗu ba.

Don kada ya yi gyangyaɗi, tukunyar shayi ba ta sauka daga wuta har asuba. Goro kuwa kullum yana cikin baki. Daga baya wani abokin aiki ya ba shi ƙwayar tramol, ya ce tana kashe gajiya. Ba ta kashe ta, ɓoye ta take yi. Maganin ciwo ne mai ƙarfi, yana kama mutum har ya kasa bari, kuma in an sha da yawa yana sa faɗuwa da jijjiga kamar farfaɗiya.

Abin mamaki shi ne, ran da ya samu sarari ya kwanta, barcin ya ƙi zuwa. Da ya rufe ido sai ya ga mai bashi tsaye ƙofar gida. Sai ya tuna matarsa da yara huɗu, ya shiga lissafin tiyar da ta rage. Azumin 2024 ya zo cikin Maris da Afrilu, ga zafin Yamai mai wuce awo 40. Kansa ya dinga sara. Ƙirjinsa yana bugawa ko yana zaune. Mutumin da aka sani da haƙuri ya koma mai faɗa, har ya zagi wata tsohuwa a kan canjin dala biyar. Ya fara manta gidan da ya kai ma ruwa. Wata rana da hantsi ya faɗi bakin famfo.

Abokai suka ce iska ce, ai kango ba ya rasa masu shi. Aka yi rubutu, aka yi turare. Addu'a ba ta da laifi, amma ba ta hana a je awo. Kawun ya ce: "Ɗana, tashi mu je likita." Ya ce: "Kawu, wa zai tura kura?" Kawun ya ce: "In ka mutu ma wani zai tura ta."

A likitar unguwa aka ɗaura masa abin awo a dantse. Jininsa ya hau, abin da mutanen Yamai ke ce ma tansiyo. Ma'aikacin ya ce in awo ya kai 14 bisa 9 ko ya wuce, kuma aka sake aunawa wata rana aka tarar haka, to hawan jini ne. Bai yi saurin rubuta magani ba. Ya fara tambaya: "Malam, awa nawa kake barci?"

Ga abin da ya bayyana masa. In mutum ya yi kiciɓis da maciji a gona, zuciya tana bugawa da sauri, jijiyoyin jini su tsuke, jiki ya shirya gudu. Wannan yana da amfani, don macijin zai wuce, jiki ya kwanta. Damuwa kuwa maciji ne da ba ya wucewa. Jiki ya zauna cikin shirin gudu dare da rana. Lokacin barci ne zuciya ke sassautawa, jini ya sauka, ƙwaƙwalwa ta adana abin da ta koya da rana. Ƴan makarantar yaƙi da jahilci sun san haka: baƙin da ya gagara da dare, sau da yawa da safe an iya shi. Babba yana bukatar awa 7 ko fiye, yaro ɗan lakwal awa 9 zuwa 12. Wanda ya daɗe yana tauye barci ya fi kusa da hawan jini da ciwon sukari da baƙin ciki mai tsanani. Shayi da goro da kafe kuwa, rabin ƙarfinsu yana nan cikin jini awa biyar bayan an sha.

Ya ce masa ya bar tramol, in ya kasa ya dawo a taimaka masa. Ya ce in tunani ya yi nauyi har mutum ya ji rayuwa ta ishe shi, akwai sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa a babbar likitar ƙasa ta Yamai, wanda ake kira Pavillon E. Mutane suna tsoron sunan, alhali wurin magani ne kamar na ido ko na haƙori.

Abu mai wuya shi ne zaɓi, don barci kuɗi ne ga talaka. Ya riƙe gadin, ya bar kura sai da la'asar. Bayan sallar asuba yana sauke gidan sauro cikin ɗaki mai duhu ya kwanta har rana ta ɗaga, ya ƙara da ƙailula bayan azahar. Shayi ya koma zubi ɗaya da farkon dare. Maganar bashin da ya ɓoye wata biyar, ya faɗa ma kawun. Kawun ya kira mai bashi ta salula, suka shirya a biya buhu biyu yanzu, ɗaya sai kaka.

Kuɗin da yake aikawa gida sun ragu, matarsa ta yi ƙorafi. Da aka sake awo bayan wata ɗaya, jinin ya fara sauka. Cikin Yuni labari ya zo an yi ruwan shuka. Ya miƙa ma mai gida makulli, ya ɗauki buhun shinkafa rabi da gidan sauronsa, ya nufi tasha.