Abin da kaset ɗin Kawu bai ɗauka ba

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, makaɗin kalangu ne na mahauta a Zangon Kumasi. Da Allah ya yi masa rasuwa, abin da ya bari na sana'arsa bai wuce kalangun da gularsa da kaset uku da aka ɗauka a bukukuwan aure ba. Autansa, wanda bai cika shekara goma ba a lokacin, ya tashi da burin gadon mahaifinsa. Ya saurari kaset ɗin har ya haddace kowane take. In ya ɗauki gula bugun yana faɗawa daidai, amma tsofaffin mahauta sai su girgiza kai su ce kalangun yana ƙara dai, bai soma magana ba tukuna.

Mun daɗe muna ɗora laifin a kan kunnensa. Tunanina ya sauya ranar da wani ɗan'uwa da ke karatu a Turai ya turo mini bidiyo a waya. Babu fuska a ciki, babu tufafi, sai ɗigo-ɗigon haske a kan baƙin allo, amma kafin ƙiftawar ido na gane mutum ne yake goga goge irin na Turawa. Na ga inda yake sunkuyawa da inda kafaɗarsa ke ɗagawa kafin sauti ya hau.

Yadda ake yin abin shi ne, ana manna wa makaɗi wasu 'yan ƙwallaye masu sheƙi, kamar ƙwayar gyaɗa, a kai da kafaɗa da gwiwar hannu da wuyan hannu. Kyamarori da aka kewaye ɗakin da su suna haska wani haske da idon mutum ba ya gani, ƙwallayen su mayar da shi. Muddin kyamara biyu sun hangi ƙwallo ɗaya, kwamfuta za ta lissafa inda yake, sau ɗari ko fiye a kowace daƙiƙa.

Dabarar ta girmi kwamfuta. A shekarun 1920, a birnin Mosko, masani Nikolai Bernstein ya riƙa ɗaura ƙananan fitilu a hannun masu bugun guduma da masu kaɗa piyano yana ɗaukar hotonsu. Ya gano cewa gwani ba ya maimaita motsi iri ɗaya sak, gaɓoɓinsa suna sauya hanya a kowane bugu, amma gudumar tana sauka inda ake so. A 1973 Gunnar Johansson na Jami'ar Uppsala a Suwidin ya nuna cewa ɗigon haske kaɗan a kan gaɓoɓi sun isa mai kallo ya gane mutum yana tafiya. A 1993 kuma Jane Davidson ta gwada haka da makaɗa a Ingila. Ta sa su kaɗa abu guda sau uku: a sanyaye, da yadda suka saba, da kuma da zuzutawa. Masu kallon ɗigon sun fi masu saurare kawai iya bambance ukun. Ashe Bahaushe da ya ce gani ya kori ji, har da kiɗa yake.

Nan na fahimci matsalar ɗan Kawu. Muryar kalangu tana cikin matsa. Makaɗi yana rataye shi a hammata, ya matse igiyoyin fata sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, da haka gangar ke bin hawa da saukar harshenmu har ta kira sunan mutum. Kaset ya ɗauki abin da matsar ta haifar, ya bar matsar kanta: yaushe damtse ke somawa, yaya ƙugu ke karkata, ina nauyin jiki yake komawa. Na tuna Kawu yana korar yara daga gabansa yana cewa, "Ɗana, in koyo kake so, koma hagu ka tsaya, a nan aikin yake." A lokacin na ɗauka faɗan tsofaffi ne.

Ban ce na'urar za ta warware komai ba. Kyamara tana auna inda gaɓa take, ba ta auna ƙarfin matsa sai an ƙara wata na'ura a jikin igiyoyin. Ƙwallon da ya shige hammata kuma ya ɓace mata, alhali can ne sirrin yake. Ba ta san taken wa ake kaɗawa ba, ko dalilin da ya sa Kawu yake jinkirta bugu in wani dattijo ya shigo fili. Duk da haka, da an taɓa ɗaukar motsinsa ko sau ɗaya, da yaron nan yana da abin kallo a hankali, yana tsayarwa yana komawa baya.

Mu da ke zaune nesa da ƙasar kakanni, makaɗanmu ƙidayayyu ne. A wata unguwar mutum ɗaya ne ya rage, in ya faɗi babu maƙwabcin da za a je wurinsa. Ɗakin kyamarori ya yi mana nisa, amma waya tana aljihun kowa. In kun je biki, ku nemi izinin makaɗin, ku ɗauke shi tun daga kai har ƙafa, ku tsaya ta gefen da gangar take, ku bar wayar wuri ɗaya. In an tashi ku tambaye shi taken wane ne ya kaɗa, ku rubuta.

Ɗan Kawu yanzu yana zuwa wurin wani tsohon abokin mahaifinsa duk ranar Lahadi, ya tsaya ta hagu yana kallo, ni kuma ina riƙe da waya. Allah ya jiƙan Kawu, ya ƙara wa waɗanda suka rage lafiya da nisan kwana.