Maki Ukun Da Aka Bari A Tasha

An rufe gasar ƙwallon ƙafa ta jiha ta wannan kakar, kuma yaranmu sun ƙare a matsayi na uku a rukuninsu. Biyun da ke sama ne ke wucewa zagaye na gaba, don haka bana dai a bakin ƙofa muka tsaya. Tun daga ranar ake ta tauna maganar a majalisu da teburin mai shayi da bakin shagunan 'yan canji. Wani ya ce koci ne bai iya canja 'yan wasa ba, wani ya ce rafali ne ya zalunce mu, wani kuma ya ɗora wa gola. Mu da muka bi ƙungiyar nan tun wasan farko muna da tamu maganar, kuma mun ga gara mu rubuta ta tun kafin a fara rajistar kaka mai zuwa.

Ga waɗanda ba su bin harkar, ƙwallon Najeriya hawa-hawa ce kamar matakalar bene. A can ƙololuwa akwai Firimiyar Najeriya, wato NPFL, mai ƙungiyoyi 20, inda ake jin sunayen su Shooting Stars ta nan Ibadan da Kano Pillars da Enyimba ta Aba. Ƙasa da ita akwai NNL, ƙasa da wannan kuma akwai NLO, sannan a zo kan gasar jihohi, inda muke. Ban da lig akwai kofin ƙalubale na jiha, wanda ƙungiyoyi biyun da suka kai wasan ƙarshe ke wakiltar jiharsu a kofin tarayya, kofin da ake bugawa tun 1945. Lissafin lig ba shi da wuya: nasara maki 3, canjaras maki 1, wanda aka ci kuwa ya tashi hannu rabbana. In kuma ƙungiya ba ta zo fili ba, sai a miƙa wa abokiyar karawarta maki ukun a ɓagas. Ku riƙe wannan ta ƙarshen, za mu dawo kanta.

A wannan mataki namu babu mai albashi. In an ci wasa a ba yaro ɗan abin sayen sabulu, in ba a ci ba kowa ya kama gabansa. Golanmu tela ne. Kyaftin ɗinmu okada yake ja. A baya muna da mai suya da yaron da ke lodin kaya a kasuwar Bodija, a tsakiya akwai ɗalibai biyu da wani yaron shagon canji. Suna fita atisaye bayan Asuba, kafin ƙarfe takwas kowa ya yi wanka ya nufi nemansa. Ranar da ake da wasa a wani gari, ɗan okada ya yi asarar cinikin yini guda ke nan, tela kuma ya koma ya tarar da mai ɗinki yana jiransa da fushi. Duk wanda zai zagi yaran nan a kan ƙwallon da suka ɓarar, to ya fara sa wannan a ma'auni.

A gida dai Alhamdulillahi, babu wanda ya zo ya doke mu. Mun ci yawancin wasanninmu, mun yi canjaras a sauran. Wanda aka fi tunawa shi ne na ƙungiyar da ta ƙare a kan teburi. Sun riga mu zura ƙwallo tun kafin hutun rabin lokaci, aka dawo yaranmu suka farke da bugun kusurwa, ana saura 'yan mintoci a tashi ɗan wasan gabanmu ya ƙara ta biyu da ka. Aka tashi biyu da ɗaya. Ran nan har dattawan da ba su taɓa leƙa fili ba sai da suka tambayi yadda aka kwashe.

A waje kuwa labarin ya sha bamban. Jihar Oyo faɗi gare ta. Wanda ya taɓa bin hanyar Oyo zuwa Ogbomoso, ko ya nausa Iseyin da Saki, ya san abin da ake nufi da a cusa ƙarti sha takwas da koci da jakar ƙwallaye a bas ɗaya. Kwanan otal ba a ma maganarsa. A tashi da sassafe, a isa ƙafafu sun kumbura, a ci burodi da ruwan leda, a yi Azahar, a ɗan miƙe ƙafa, ƙarfe huɗu a shiga fili. Haka muka sha kashi a wasu wuraren, muka ƙwato canjaras a wasu da ƙyar da jiɓin goshi. An yi wasan da aka ba da fenariti a kanmu wanda har yau ba mu gane dalilinsa ba, amma wannan ƙwallo ce, kowace ƙungiya tana da irin nata ƙorafin.

To, ga inda gizo ke saƙar. Tazarar da ke tsakaninmu da waɗanda suka zo na biyu maki 2 ce kacal. Akwai kuma wasa ɗaya da ba mu buga ba sam. Ranar nan yara sun hallara a tasha da jakunkunansu tun da safe, direba ya ce sai ya ga kuɗin shata a hannu. Bawan Allahn da ya saba biyan kuɗin mota tun farkon kaka an yi masa rasuwa ya tafi Arewa, wayarsa ba ta shiga. Koci ya zaga ya haɗa abin da ya samu, bai kai rabi ba. Kafin a cike sauran rana ta take, ko an tafi ba za a isa kan lokaci ba. Ƙungiyar da za mu je wa ita ce ta ƙarshe a teburi, wadda muka lallasa a gida uku da nema. Ba mu ce lallai da an je an ci ba, ƙwallo ba ta da tabbas. Amma maki ukun nan ba a fili aka ƙwace su ba, a tasha aka bar su.

Kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Abin da mutum ɗaya ke iya ɗauka a da ba tare da ya ji a jikinsa ba, yanzu ya zama kaya. Kuɗin rajista, rigunan wasa, ƙwallaye, ruwan sha, maganin wanda ya ji rauni, duk a wuyan mutum uku ko huɗu suke. Allah Ya saka musu da alheri. Sai dai ƙungiyar da ke tsaye a kan aljihu ɗaya, ranar da mai aljihun ya yi tafiya ita ma ta zauna.

Mu da muka haura hamsin mun ga misalin wannan da idonmu a garin nan. Muna samari aka yi Leventis United, wadda ta taso daga rukuni na uku ta haye na biyu ta haye na ɗaya a jere, ta ɗauki kofin lig na ƙasa a 1986. A 1985 har wasan ƙarshe na kofin Afirka ta kai, ta kara da Al Ahly ta Masar. Da kamfanin da ke ɗauke da ita ya janye hannu, sai ta watse, yau yara ko sunanta ba su sani ba. Shooting Stars kuwa, wadda ta fara kawo wa Najeriya kofin Afirka a 1976 zamanin su Segun Odegbami da Muda Lawal, ta faɗi ta tashi ba sau ɗaya ba. Ko a 2017 ta faɗa NNL, sai 2021 ta dawo. Gwamnatin jiha na riƙe da ita, mutanen gari kuma sun ɗauke ta tasu, shi ya sa har gobe ake cika filin Lekan Salami da ke Adamasingba, nan kusa da mu. Wani zai kawo misalin Remo Stars ta Ikenne, wadda ta taso daga ƙasa har ta lashe NPFL a 2025. Gaskiya ne, amma can attajiri ne mai ƙarfin gaske ya tsaya mata. Mu ba mu da irinsa a harkar ƙwallo. Abin da muke da shi yawa ne.

Mun san akwai dattawan da za su ce, yanzu Malam duk matsalolin unguwa ba su ishe ka ba sai ƙwallo? Ga marayu, ga kwatoci, ga kuɗin makarantar yara. Maganarsu tana kan hanya, kuma ba mu ce a ɗauki kuɗin maraya a sayi takalmin ƙwallo ba. Amma mu dubi inda samarinmu ke yini ranar Asabar da Lahadi. Gidajen kallo a cike, shagunan caca a cike, yaro ya ɗauki cinikin mako ya zuba a kan wasan da ake yi a Ingila ko Sifaniya, ya fito yana zagin ɗan wasan da bai san da zamansa a duniya ba. Caca haramun ce, mun sha faɗa, kuma ta raba yara da yawa da jarinsu. Yaron da ke da atisaye bayan Asuba kuwa ba ya kaiwa tsakar dare a waje, ba ya kusantar ƙwaya don ya san numfashinsa zai tona masa asiri a fili. Sha'awar ƙwallo ta riga ta shiga jinin yaran nan, ba mai cire ta. Abin da ya rage shi ne a ina za ta sauke su.

Akwai kuma wani abin da ba ya fitowa a teburin maki. An kafa Sabo tun 1916, kakanninmu suka zauna a kan cinikin goro da shanu. Yawancin yaran ƙungiyar nan a nan aka haife su, a nan aka haifi iyayensu. Duk da haka in muka sauka a wani gari, abin da ke fara tarbarmu daga bakin 'yan kallo shi ne "aboki, aboki". Sai ka ga kyaftin ɗinmu ya juya ya gaida su da Yarbanci tsantsa har da karin magana, wuri ya kaure da dariya, a tashi wasa ana musayar lambar waya. Cikin 'yan wasanmu akwai Yarbawa huɗu da Ibo ɗaya, kwano ɗaya suke ci da sauran. Waɗanda suka ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021, rayukan da aka rasa da shagunan da aka ƙona, sun san darajar a ce samarin ɓangarorin biyu sun san juna da suna. Ranar da ba mu je wasa ba, can garin cewa aka yi 'yan Sabo ba su zo ba. Sunan unguwa aka kira, ba sunan koci ba.

Ku kuma samari, ga taku. Kun san Rashidi Yekini a Kaduna aka haife shi, a ƙungiyar masaƙar UNTL ya fara, ya zo Ibadan ya buga wa Shooting Stars, ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a Kofin Duniya a ragar Bulgeriya a 1994, ya bar tarihin ƙwallaye 37 a Super Eagles. A nan Ibadan Allah Ya yi masa rasuwa a 2012. Hanya dai daga ƙaramin fili take farawa, wannan gaskiya ne. Amma cikin dubu ɗaya ne ke kaiwa, saboda haka kada wanda ya saki keken ɗinkinsa ko littafinsa. Ku yi hattara da masu zuwa bakin fili da jaka da turare suna cewa a kawo kuɗin biza za su kai ku gwaji Turai. Wanda ya ga kana da amfani shi zai kashe maka kuɗi, ba kai za ka sayar da babur ka ba shi ba. Maganar rage shekaru a takarda kuma ƙarya ce, ko kowa yana yi.

Shawararmu ga jama'a ita ce a yi wa ƙungiyar nan asusu irin na adashe, abin da muka iya tun kaka da kakanni. In shaguna 100 suka yarda kowanne ya ajiye Naira 500 a mako, an sami Naira 50,000 ke nan duk mako, kuma a fara tun yanzu da ake hutu. A naɗa kwamiti na mutum biyar, a sa dattijo da ɗan kasuwa da matashi, ma'aji daban, mai rubutu daban. Da zarar jadawalin wasanni ya fito, a ware kuɗin motar kowace tafiya a ajiye gefe, kada a taɓa shi ko don sayen riga. Duk wata a manna lissafin shiga da fita inda kowa zai gani, don abin da ke kashe irin wannan asusu shi ne zargi. Sharaɗin shiga ƙungiya kuma ya zama yaro yana da sana'a ko yana makaranta. Masu motocin haya na unguwa, ku ma akwai rawar da za ku taka, ko da ragin kuɗin shata ne. In an amince, sai a kai maganar gaban Sarki da dattawa su sa albarka.

Muna gode wa koci da ya yi kaka guda yana aiki ba ko sisi, da matan da suka riƙa aiko da ruwa da kunun zaƙi ranar wasan gida, da bayin Allahn da suka ɗauki nauyi su kaɗai ba su taɓa gori ba. Wanda ke son sa hannu a asusun ya same mu a shago ko bayan sallar Isha'i, littafi a buɗe yake. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da unguwarmu da garinmu lafiya, Ya kai mu kaka mai zuwa da rai da lafiya. Amin.