Idon Da Ke Saman Ƙofa

'Yan uwana mata, ranar da aka wayi gari an rushe shataletalen ƙofar Gidan Gwamnatin Kano, cikin watan Yuni na 2023, ina cikin adaidaita za ni barka Tarauni. Sai na ji mai adaidaitan ya rage gudu, ya ce, "Hajiya, kin ga aikin dare." Na leƙa, wallahi babu komai sai tulin ɓaraguzai da ƙarafa a lanƙwashe.

Allah Sarki! A 2017 aka gina shi, lokacin da jihar ta cika shekara 50, kuma mace 'yar uwarmu ce ta zana shi. Ni dai ban yi karatun zane ba, amma duk sanda muka zagaya wurin sai Ummi ta miƙe a cinyata tana nunawa, har na san in muka wuce shi mun kusa gidan Yaya. Da shi muke yi wa baƙi kwatance.

Gwamnati ta ce ginin ya yi tsawo, ya tare ƙofa, masu tsaro ba sa hango mai zuwa. Daga baya kuma sakataren gwamnati na lokacin ya ce akwai alamar kuros a jikinsa. Hoton da aka yi ta yawo da shi a waya daga sama aka ɗauke shi. To ni da shekara shida ina wucewa ta ƙasa, ban taɓa ganin kuros ba, kuma ban taɓa jin wata ta ce ta gani ba.

A satin ne na kunna rediyo ina tankaɗe, na ji wani babban malamin jami'a ana hira da shi. Mutum ne da nake jin daɗin maganarsa, don yana da Hausa a baki. Ya ce gari na zamani ido yake buƙata kafin ado, a kafa kyamara a kowace mahaɗa, kuma wanda bai yi laifi ba me zai sa ya ji tsoron a kalle shi? Na ajiye rariyar na yi tagumi, don na san Malam bai taɓa zama a ƙarƙashin kyamara yini guda da ɗaurin ƙirji ba.

Ni na zauna. Bayan an haura mana katanga an ɗauke injin ruwa, Baban Ummi ya kawo wani yaro ya kafa kyamara biyu, ɗaya a ƙofar gida, ɗaya tana kallon tsakar gida. Da farko har na yi murna, don tsoro ya hana ni barci. Ashe abin yana haɗe da wayarsa, yana shago a Kwari yana kallo. Kwana uku ba a yi ba ya dawo yana cin tuwo ya ce, "Wace ce mai jan hijabi da ta shigo ƙarfe sha ɗaya, ba ta fita ba sai azahar?"

Maƙociyata ce, ta zo ta yi kuka ta tafi, kishiya aka yi mata ba sanarwa. Ba laifi ta yi ba, ni ma ban yi ba, amma sai na ji ina rantsuwa kamar wadda aka kama. Shi kuma ba da faɗa ya tambaya ba, har dariya yake yi, wannan ne ma ya fi ci mini rai. Da ta ji labari ba ta sake shigowa ba. Mai kitso ma yanzu sai dai mu ƙule a ɗaki da zafi, tsakar gidan da nake shimfiɗa tabarma na sha iska ya zama kamar bakin titi, sai da mayafi.

Ba na cewa kyamara ba ta da rana, tun da aka sa ta ko takalmi bai ɓata ba. Na roƙe shi dai a juya ta tsakar gidan ta kalli katanga, tunda ɓarawo ta can ya shigo. Ya ce zai kira yaron.

Jiya da yamma na ga Ummi ta tsaya a gindin famfo ta ɗaga kai tana ɗaga wa kyamarar hannu, tana cewa, "Baba, ka taho mini da biskit."