Kachala da digirina na biyu

Shekarar farko ta karatun digiri na biyu a fannin injiniyancin albarkatun ruwa da muhalli kusan duk lissafi guda ne ake sauya wa riga: abin da ya shigo, a cire abin da ya fita, ragowar shi ne abin da aka tara. Sama ta zubar, rana ta ɗauke wani, ƙasa ta tsotse wani, kogi ya tafi da saura. Na ƙware a wannan har na fara yi wa kaina kallon masanin ruwa. Da aka zo zaɓen abin bincike, sai na ɗauki kogin Haɗeja, domin dangin mahaifiyata manoman fadama ne a yankin Nguru, kuma tun ina yaro nake jin suna cewa ruwa ya canza hali.

Gaskiya suka faɗa. An kammala madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, ta Chalawa kuma a 1992, kuma waɗannan koguna biyu su ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Kafin madatsun, kogin yakan cika ya batse da damina ya malale fadamu, da rani kuma ya ja baya har wasu rassansa su ƙafe. A kan wannan zuwa da komawa aka gina noman shinkafa da kamun kifi da kiwon rani. Madatsa kuwa aikinta ke nan ta daidaita: ta rage ambaliyar damina, ta riƙa sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara. Ciyawar kachala ba ta son komai kamar ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Ta bazu, ta tare laka, lakar ta toshe hanyoyin ruwa, ruwan ya karkata ta mashigar Marma zuwa Nguru ya cinye gonaki, wasu rassan kuma suka bushe. Tsuntsayen jan-baki ma suka sami wurin kwana a cikinta, su fito da safe su far wa hatsi.

Duk wannan na karanta shi a ɗakin karatu, kuma na tsara maganinsa a kwamfuta: a riƙa sakin ruwa mai yawa lokaci guda da damina, a kwaikwayi ambaliyar da, sa'an nan a tsuke da rani don kachala ta sha ƙishi. Alƙaluman da na ciyar da manhajar na kwafo su ne daga rajistocin wani ofishi, inda na tarar da shekaru sukutum babu awo, wani kundin kuma gara ta riga ni karanta shi. Na cike gurabun da ƙiyasi, kamar yadda aka koya mana, zane kuwa ya fito tsaf. Malamin da ke duba aikina ya kalle shi, ya tambaye ni yaushe rabona da shiga kwalekwale.

Na je. Wani dattijo masunci ya tuƙa ni, ina riƙe da taswira ina nuna masa reshen da, bisa lissafina, zai ɗauki kaso mai tsoka na ruwan zuwa Gashuwa. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wannan hanyar ai ta daɗe da mutuwa." Ya kai ni bakinta: kachala ce ta fi ni tsawo, a tsaye kamar danga, ko sandar tuƙi ba ta shiga. Awon faɗi da zurfin da na yi amfani da shi tsoho ne, na lokacin da hanyar take buɗe. Wata shida na yi ina tura ruwa ta kogin da babu shi.

Gyaran ya ci mini zango guda, kuma sakamakon bai yi kyan na farko ba. Ya nuna cewa muddin ba a yashe hanyoyin ba, ambaliyar da nake son a saki gidajen dangin mahaifiyata za ta fara shiga. Ya kuma nuna cewa tsuke ruwan rani ba abu ne da za a yi da alƙalami kawai ba, domin daga madatsun nan birnin Kano yake samun wani ɓangare na ruwan shansa, daga Tiga kuma ake shayar da gonakin Kadawa da Kura.

Ranar kare kundin, mai jarrabawa daga wata jami'a bai taɓa lissafina ba. Tambaya ɗaya ya yi: in an bi shawarata, gonar wa za ta rasa ruwa a shekarar farko? Na san amsar, har da suna. Ƙanen mahaifina yana noman tumatir a Kura, kuma da kuɗin tumatirin ya biya mini rabin kuɗin rajista.